Zalia Mai Baƙin Tabarau

Duk wanda ya yi zama a unguwar Nima da ke Accra, ta gefen babbar gota mai kwashe ruwan unguwa, a shekarun baya ya san Zalia tela. In ma bai san sunanta ba, ya san kamanninta: doguwa, siririya, kullum tana bin gefen da inuwa take, da baƙin tabarau a fuska ko rana ake ko hadari. Baƙo kan ɗauka makauniya ce, sai ya ga ta zura zare a allura tashi ɗaya. Wasu kuma su ce yanga ce kawai. Mutanen unguwa dai sun san dalili, har sun daɗe da daina zancensa. Zalia tana da farfaɗiya, irin wadda haske ke tayarwa.

An haife ta a shekarar 1971, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu da famfo ɗaya. Mahaifinta, Baba Jibirilu, mahauci ne a kasuwar Malam Atta. Kakansa ne ya zo Accra fataucin goro daga ƙasar Sakkwato, gari ya yi masa daɗi, bai koma ba. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Mma, tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. A tsakar gidan nan ana faɗa da Hausa, a yi ciniki da yaren Twi, a zagi akuya da yaren Ga, kuma babu wanda ya taɓa neman tafinta. Har Zalia ta kai shekara goma sha biyu, in ban da ƙyanda babu ciwon da ya taɓa kwantar da ita. A makaranta ita ce gwanar lissafi, a makarantar allo kuma ta fi sa'o'inta saurin hadda.

Sai ga shekarar 1983, shekarar yunwa, wadda a cikinta ne aka koro mutane daga Najeriya. Ƙanen Mma, Kawu Osumanu, yana cikin waɗanda suka dawo daga Legas. Ya iso da riga ɗaya a jikinsa da ƙafa a kumbure, amma a kansa akwai telebijin naɗe cikin bargo. Gidan babu masara, babu shinkafa, ga telebijin. Kullum in rana ta yi sanyi sai a fito da ita tsakar gida a ɗora a kan teburin guga, yara su zauna a tabarma, mata a kan kujerun tsuguno, maza su tsaya a baya kamar ba kallo suka zo ba. Har yau in Zalia ta tuna waɗannan yammacin, ba yunwar take tunawa ba. Ƙamshin sabulun wanka take tunawa a jikin yara, da yadda maƙwabta ke leƙowa ta kan katanga, da ihun da ake yi in an ci ƙwallo.

Telebijin ɗin tana da wani hali. Tana cikin yi sai hoton ya fara gudu, layuka baƙi da fari su dinga hawa sama suna walƙiya. In ta yi haka sai wani ya tashi ya murɗa ɗan maɓalli a bayanta. Wata ranar Asabar, Zalia ce ta fi kusa. Ta tashi, ta sa hannu a baya tana murɗawa, fuskarta dab da gilashin tana duba ko hoton ya tsaya. Ta ce abin da ta iya tunawa shi ne layukan sun shiga cikin kanta, sun ci gaba da hawa. Daga nan ba ta san kome ba.

Da ta farfaɗo, a ƙasa ta ga kanta, jiƙe sharkaf da ruwan da aka sheƙa mata, bakinta yana jini saboda cokalin da wani ya tura mata tsakanin haƙora. Mma tana riƙe da ita tana salati. Sauran mutanen gidan kuwa sun ja da baya, sun yi mata zobe daga nesa. Ta ji wata maƙwabciya tana janye ɗanta tana cewa, da Hausarta ta zango, “Kar ka taɓa shi! Miyau nan in ya taɓa ka, kai ma ka kama.”

Tun daga ranar aka ware mata kofi. Wani ɗan kofin tangaran ne mai shuɗin baki, aka rataye shi a ƙusa daban, nesa da randa. Babu wanda ya zauna ya yanke wannan shawara, haka kawai ta wayi gari ta gani. Ƙawayenta suka daina cin abinci kwano ɗaya da ita. Da ta sake faɗuwa a aji, ranar da dogon ƙwan lantarki ya yini yana ƙyaftawa a kan allo, iyayen wasu yara suka yi ta ƙorafi har Mma ta gaji ta ce ta zauna a gida ta taya ta suya. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka kai ta wurin malamai uku. Na ukun, wani tsoho a Sabon Zango, ya yi mata addu'a sannan ya dubi Baba Jibirilu ya ce, “Addu'a za mu ci gaba da yi. Amma ka kai ta asibiti ma. Allah da ya saukar da cuta, bai ɓoye maganinta a wuri ɗaya ba.” Baba ya ce to, amma ya yi ta jan ƙafa, don a ransa ya riga ya gama yarda cewa iska ce.

Zalia kuwa, da yake yarinya ce mai lura, ta fara ƙirga faɗuwarta. Ta faɗi a gaban telebijin. Ta faɗi a aji. Ta faɗi a cikin trotro, motar haya, a hanyar Kanda, inda itatuwa suka yi layi a bakin titi, mota na gudu, rana na leƙowa tana ɓuya tsakanin rassa. Ta faɗi washegarin wata Sallah da matasan unguwa suka tafi bakin teku, ta tsaya tana kallon yadda rana ke ƙyalƙyali a kan ruwa. Amma ba ta taɓa faɗuwa a cikin ɗakinsu mai duhu-duhu ba, ba ta kuma taɓa faɗuwa tana suya da asuba ba. Shekara uku tana ajiye wannan a ranta.

Wata rana Baba ya dawo daga kasuwa yana wanke wuƙaƙensa a bakin famfo, ta je ta durƙusa.

“Baba, ni fa na san abin da ke kayar da ni.”

“Me ke nan?”

“Haske ne.”

Ya ɗago ya dube ta. “Haske kuma? Haske ai rahama ne, Zalia. Kowa a cikinsa yake yawo.”

“Ba wanda ya tsaya cak ba, Baba. Mai ƙyaftawa. In ya yi haka, ya yi haka,” ta buɗe tafin hannu tana rufewa da sauri, “sai in ji cikina ya juya, idona ya kafe. Ko ɗaya ban taɓa faɗuwa ba sai da irinsa.”

Ta lissafa masa wuraren ɗaya bayan ɗaya. Baba Jibirilu ba mai yawan magana ba ne. Ya goge wuƙa, ya mayar da ita kube. Sannan ya ce, “Gobe ba ni zuwa kasuwa. Ki gaya wa uwarki ta tashe ki da wuri.”

A babban asibiti suka yini. Bayan an yi ta tura su daga wannan layi zuwa wancan, aka ba su ranar dawowa. Da suka dawo aka kai ta wani ɗaki mai sanyi, aka manna mata wayoyi a kai, wani inji yana zana layuka a kan doguwar takarda. Likitan, wani dattijo mai furfura a gefen kunne, ya kunna wata fitila a gaban fuskarta, ta fara ƙyaftawa a hankali, sannan da sauri. Nan take alƙaluman injin suka haukace. Ya kashe fitilar tun kafin ta faɗi, ya kira Baba ya nuna masa takardar.

Da Twi ya yi bayani, Baba yana gyaɗa kai. Ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda wani ke da ciwon zuciya wani na huhu. Ba duk mai farfaɗiya ne haske ke kayarwa ba, kaɗan ne daga cikinsu, kuma ’yarsa tana cikin kaɗan ɗin. Ba a ɗaukarsa ta miyau, ba ta kwano, ba ta taɓawa. Ya rubuta magani ya ce kullum za ta sha, ba fashi, kuma kada ta yi wasa da barci, don rashin barci yana ba ciwon ƙarfi. Sannan ya juyo gare ta.

“In hasken ya zo miki ba shiri, kada ki runtse ido duka biyu, yana ratsa fatar ido. Ki rufe ido ɗaya ruf da tafin hannu, ki juya masa baya, ki bar wurin.” Ya yi murmushi. “Wa ya fara gano haske ne?”

Baba ya nuna ta da haɓa.

“To, ke ce likitan. Ni takarda kawai na buga.”

A hanyar dawowa Baba ya tsaya wurin wani mai tebur ya saya mata baƙin tabarau, ya fi ƙarfin fuskarta, sai da aka ɗaure shi da zare ta baya. Da suka iso gida ana shirin magariba, tsakar gida cike. Baba ya wuce kai tsaye wurin ƙusar nan, ya sauke kofin mai shuɗin baki, ya ɗebo ruwa ya miƙa wa Zalia. Ta sha rabi. Ya karɓa ya shanye sauran a gaban kowa, ya sake ɗebowa ya kuskure baki ya fara alwala da shi. Da ya gama ya ajiye kofin a kan randa tare da sauran. Ba a rana ɗaya mutane suka saki jiki ba, wasu ma har suka bar gidan ba su sake ba. Amma kofin bai koma ƙusa ba.

Makaranta ta riga ta wuce ta, wannan kuwa abu ne da ya tsaya mata a rai har tsufa. Aka kai ta koyon ɗinki wurin Madam Husseina a Maamobi, wata mace mai faɗa da kirki a lokaci ɗaya. A nan ta gano ba fitila da rana kaɗai ba ne abokan gabarta. Wata rana aka kawo yadi mai ratsin baƙi da fari, sirara, a jere a jere. Ta shimfiɗa shi a tebur za ta yanka, sai ta ga layukan suna rawa. Ta dafe ido ɗaya ta fita waje da sauri ta zauna a kan dakali har abin ya lafa. Madam ta biyo ta da almakashi a hannu, da niyyar faɗa. Da ta ji bayani sai ta koma ciki ta sanar wa sauran masu koyo cewa daga yau duk yadi mai ratsi nasu ne, mai fure da mai launi ɗaya na Zalia ne, kuma duk wadda ta ga ta yi dariya za ta yi shara wata guda. Haka Zalia ta ƙware a kan leshi da shadda da atamfa mai manyan furanni, har ta kai amare suna nemanta da suna.

A shagon nan ta haɗu da Issah. Mai gyaran wuta ne, gajere, mai yawan dariya, ɗan ƙabilar Dagomba da aka haifa a Maamobi. An kira shi ne saboda dogon ƙwan shagon ya fara ƙyaftawa. Ya iso ya tarar da budurwa zaune a waje da baƙin tabarau, ta juya wa shago baya.

“Ke kuma an kore ki ne?”

“Fitilarku ce ta kore ni.”

“Tawa? Ni yanzu na zo.”

“Duk ku masu wuta ɗaya kuke.”

Ya shiga ya gyara, ya fito ya sake tambaya, wannan karon ba da wasa ba. Ta gaya masa gaskiya, don ta riga ta yanke wa kanta cewa ba za ta ɓoye wa kowa ba, wanda zai gudu ya gudu da wuri. Issah bai gudu ba. Washegari ya dawo da ƙwan fitila na gargajiya, mai jan haske da ba ya rawa, ya cire dogon ya sa shi. Ya dubi fankar sama ya ce fitilar tana bayan fukafukanta, shi ya sa in tana juyawa inuwa ke sara a kan tebur, ya sauko da fitilar ƙasa da fanka. Bayan kwana biyu ya dawo duba ko aikin ya yi. Bayan kwana biyu ya sake dawowa. Madam ta ce masa, “Masta, wutar nan lafiyarta ƙalau. In wani abin kake nema, ka san gidan ubanta.”

Gwaggonsa da ta raine shi ce ta ƙi. Ta ce ciwon ana gado, ta ce mace irin wannan za ta faɗa wuta da goyo a baya. Issah bai yi musu da ita ba. Ranar da Zalia za ta koma ganin likita, ya lallaɓi tsohuwar ya ce ta raka su ta yi tambayoyinta da bakinta. Ta kuwa yi su, har da waɗanda suka sa Zalia sunkuyar da kai. Likitan ya amsa ba tare da ya yi mata alkawarin abin da bai sani ba. Ya ce yana iya bin jini, amma yawancin ’ya’yan masu shi ba sa samu. Ya ce in za ta ɗauki ciki a fara zuwa wurinsa, don akwai maganin da sai an canza. A hanyar fita tsohuwar ba ta ce ta yarda ba, cewa ta yi yarinyar ta cika rama, sai an ciyar da ita.

An ɗaura aure a 1994. Baba Jibirilu da kansa ya tare mai hoto a ƙofar gida ya ce masa kada ya kuskura ya kunna walƙiyar kyamararsa. Mai hoto ya ce to cikin ɗaki ba zai fito ba. Aka fito da amarya ƙarƙashin bishiyar mangwaro da hantsi, aka ɗauki guda uku. A dukansu ta cire tabarau, ta ɗan ƙanƙance ido, Issah kuma yana dariya har ba a ganin nasa idon.

Shekarun da suka biyo baya su ne take kira lokacin daɗi. Suka kama ɗaki da falo kusa da gota, ta buɗe shagonta a bakin layi da keken ɗinki na ƙafa. Ta haifi uku, Basit ne babba, kuma babu wanda ya gaji ciwon. Ba wai ya bar ta ba ne. Ta faɗi sau biyu lokacin jegon fari, da rashin barci ya yi mata yawa, daga nan Issah ya karɓi rainon dare. Ta faɗi wata rana da mai walda ya kafa aiki daura da shagonta ba tare da ta lura ba. Issah ya je ya yi magana da shi, su biyu suka kafa kwanon rufi a tsakani ya tare hasken. Akwai abubuwan da ta haƙura da su: gidan kallon bidiyo da ƙawayenta ke zuwa, bakin teku da rana, zama kusa da taga a mota. In ana biki, ɗaurin aure take zuwa da cin abinci, ta yi wa amarya addu'a ta tafi kafin masu kiɗa su kunna fitilunsu. ’Ya’yanta sun tashi sun san in za a kunna telebijin sai an kunna fitilar falo, kuma kujerar Mmansu tana can nesa a gefe, inda ta fi jin magana a kan ganin hoto. A haka ta san labarin kowane wasa, har ta fi masu kallo riƙe sunaye.

Abin dariya, shekarun da duk Accra ke kuka da su, na dumso, lokacin da wuta ke zuwa yini ɗaya ta ɗauke yini biyu, su ne Zalia ta fi sakewa. Telolin da suka koma keken lantarki suka zauna hannu rabbana, ita kuwa ƙafarta na kan feda, ɗinki ya yi mata yawa. In magariba ta yi babu allon talla mai walƙiya, babu telebijin a kowane shago. Mutane su fito da benci ƙofar gida saboda zafi, a yi ta hira, tsofaffi suna ba da labarin Nima ta da, lokacin da Kanda daji ce. Ta kan bi layin tun daga shagonta har gida ba tabarau, ba dafe ido, tana gaisawa da kowa. Issah ya kan ce mata, “Maman Basit, ki yi shiru da wannan murnar taki, kar mutane su ji su ce ke kika roƙa.”

Hawan jini ne ya ɗauke Issah a 2019, bayan kwana huɗu a kwance. Da aka share makoki ta lura da wani abu da ba ta taɓa tunani a kai ba. Shekara ashirin da biyar ba ta taɓa ganin fitila ta fara lalacewa a gidanta ba, don kafin ta gani ya riga ya canza. Ranar da ta falo ta fara rawa, ta dafe ido ta fita tsakar gida, ta tsaya tana kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza.

Bayan shekara uku aka yi wani biki a layinsu, aka tare hanya da rumfuna kamar yadda aka saba. Zalia ta ci abinci bayan la'asar ta yi sallama, ta kama hanya ke nan masu kiɗa suka kunna fitilun nan masu juyawa, ja da kore da fari. Sai ta ji ihu a bayanta, irin ihun da ta sani. Ta tsaya. Hankali ya ce ta wuce. Ta dafe idon hagu da tafin hannu, ta sunkuyar da kai, ta kutsa cikin taron tana kallon ƙafafun mutane.

Yarinya ce ’yar shekara goma sha uku a ƙasa tana karkarwa. Sahada sunanta, ’yar Lamisi, wata mata daga arewacin ƙasar da ta fara da dako a kasuwa har ta samu teburin tumatir. Mutane sun yi zobe, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, wani yana neman cokali.

“A kashe fitilun nan!” Muryar da ba a san Zalia da ita ba ce. “A kashe, na ce! Kai, ajiye cokalin nan. Ku ja baya ta samu iska. Masu waya, ku ji tsoron Allah, in ’yarku ce fa?”

Aka kashe. Ta durƙusa, ta naɗe gyalenta ta sa a ƙarƙashin kan yarinyar, ta hana a danne ta, ta hana a zuba ruwa. Ta ce wa wata mata ta duba agogo, in ya wuce minti biyar a nemo mota. Bai kai uku ba jikin ya saki. Ta juya ta a kan gefe, ta goge mata baki da hannunta, ta zauna tana shafa mata baya tana kiran sunanta a hankali har ta buɗe ido.

Washegari ita ta raka su asibiti. Yanzu injin ba takarda yake zanawa ba, a kwamfuta ake gani, likitar ma yarinya ce sa'ar Basit. Amma bayanin bai canza da yawa ba, sai dai an ƙara da waya: kada ta kalle ta a duhu, ta rage haskenta, ta guji bidiyo masu walƙiya. Lamisi ba ta jin Turanci, Hausarta ma kaɗan ce, Zalia ce ta yi ta maimaita mata a hankali. A bakin ƙofa matar ta kama hannunta.

“Mma Zalia, yarinya nan zai yi aure kuwa?”

“Ni da kike gani jikokina biyar. Bar zancen aure tukuna. Ranar Litinin ki kai ta makaranta, ni zan je in yi wa malamanta bayani da bakina.”

Ta kuwa je. Sahada tana sakandare yanzu, tana shan maganinta, in ta ga Zalia daga nesa sai ta rugo ta karɓi jakarta.

Bara gwiwoyi suka ƙi feda. Basit, wanda ya gama gininsa a bayan gari can wajen Kasoa, ya zo ya ce zaman Nima ya isa haka. Ta yi ta kawo dalilai har suka ƙare, ta bi shi. Gidan yana da fili da iska, ɗakinta da banɗaki a ciki, ba mai buga mata ƙofa neman gishiri. Ta ce shirun wurin har ƙara yake yi mata a kunne. Maƙwabta suna gaisawa ta cikin gilashin mota. Ladan ma daga nesa ake jinsa, kamar a rediyon wani.

Saboda haka suka yi sharaɗi: duk Juma'a sai an kawo ta Nima. Basit ya sauke ta a bakin layi da hantsi ya wuce masallaci. Shagonta yanzu wata tsohuwar mai koyonta ce a ciki, ta bar mata kujera mai hannu a bakin ƙofa. Nan take zama, a kawo mata wake da shinkafa a ganye, mata su kewaye ta, a faɗa mata wa ya haihu, wa ya rasu, wane gida aka rushe za a yi bene. Rabin sunayen da take tambaya sai a ce sun tashi.

Juma'ar da ta wuce wata mata ta zo da leshi ruwan zuma, ta ce auren ’yarta za a yi, kuma Mma Zalia ce ta ɗinka mata nata kayan auren, tana so ita ta yanka wannan.

“Na ajiye aiki, ’yar nan. Ga masu ƙuruciya nan.”

“Yanka kawai, Mma. Su sai su ɗinka.”

Zalia ta murza leshin tsakanin yatsu, ta ce wa matar an cuce ta, wannan ba mai kyau ba ne. Sannan ta tambayi tsawon amaryar, da ko tana da kafaɗa irin ta uwarta. Kafin matar ta gama amsawa ta riga ta ce a share tebur, a miƙo mata alli da almakashi.